Tsaka mai ɗigon damisa a Tumfure: yadda ta ƙi cin abinci da yadda aka shawo kanta

Wannan bayani ne a kan wata 'yar tsaka mai ɗigon damisa da aka kawo wani gida a Tumfure, gefen garin Gombe, ana tsakiyar hunturu, ta ƙi cin abinci har aka fara fitar da rai da ita. Mai ita saurayi ne ɗan shekara 19, ɗalibi a jami'a. Yayansa da ke aiki a Legas ne ya saya masa wurin masu kiwon irin waɗannan dabbobi, ya taho da ita a mota cikin robar da aka huhhuda wa murfi. Ni malamin ilimin halittu ne a sakandare, na taɓa koyar da yaron, shi ya sa da abin ya rikice masa ya nufo ni. Dalilin da ya sa na ga ya dace a rubuta lamarin shi ne, yawancin bayanan kiwon wannan dabba da ake samu a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta wa junansu, su kuwa sanyi ne damuwarsu. Wanda ya bi su ido rufe a Gombe zai iya kashe dabbarsa yana ganin gata yake yi mata.

Wannan ba tsakar bango ba ce da muka saba gani a bayan kalanda. Masana suna kiranta Eublepharis macularius, kuma Edward Blyth, Baturen Ingila da ya yi aiki a Kalkata, shi ya fara bayyana ta a ilmance a 1854. Asalinta busassun wurare ne masu duwatsu da tsiraran ciyayi a Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tana da fatar ido, tana rufewa tana buɗewa, abin da tsakar gida ba ta da shi. Ba ta da tafin nan mai manne wa bango, ƙananan farata gare ta, don haka a ƙasa take rayuwa, tana kwana ƙarƙashin dutse da rana, ta fito farauta da almuru da kuma gab da asuba. Babba takan kai santimita 20 zuwa 25, kuma in ta samu kulawa tana iya yin shekara 15 zuwa 20. Wannan adadi na ƙarshe shi na fara gaya wa yaron, domin bai san cewa kyautar da aka kawo masa tana iya ganin aurensa ba.

Abin da na tarar

Ƙarama ce, tsawonta bai wuce na tafin hannu ba, jikinta yana da sauran zanen nan na faɗi da 'ya'yansu suke zuwa da shi kafin ya warwatse ya zama ɗigo. An sa ta a tsohon akwatin gilashi na kifi, an shimfiɗa yashin gini, an rataya ƙwan lantarki mai zafi a sama yana ci dare da rana in akwai wuta. Akwatin yana kan tebur, jikin taga. Maɓoya ɗaya ce tak, rabin ƙoƙo, ita ma tana daidai ƙarƙashin ƙwan. A gefe ga ganyen latas da ya yi yaushi, ga ɗan gutsuren dafaffen ƙwai.

Ya ce mini: "Malam, kusan mako biyu ke nan ko ƙwaro ɗaya ba ta taɓa ba. Da rana sai ta dinga dafa gilashi tana zamewa kamar mai neman gudu. In na miƙa hannu sai ta ɗaga wutsiya tana kaɗawa a hankali, na ɗauka murna take yi, amma jiya da na ɗauke ta sai ta yi ƙara."

Na tambaye shi sau nawa ake ɗaukarta. Ya ce kullum, domin ƙannensa da abokansa kowa yana son ya riƙe.

Da muka sa ma'aunin zafi a ƙasan akwatin da azahar, ga ƙwan lantarki ga ranar taga, ya haura digiri 38. Da asuba kuwa, bayan an kwana babu wuta, yaron ya auna ya samu ƙasa da 17. Dabbar da jikinta ba ya haɗa ɗumin kansa, wadda sai ta matsa daga wuri mai ɗumi zuwa mai sanyi take daidaita kanta, an sa ta a inda ba ta da zaɓi: ko'ina ƙuna da rana, ko'ina sanyi da dare. Dafa gilashin da take yi neman mafita ne daga zafi. Kaɗa wutsiya a hankali, a ɗage, alamar tsoro ce, haka take yi wa abin da take zaton zai cinye ta, don ya kai wa wutsiyar hari ya bar kai. Ƙarar kuma ta firgita ce. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yake cuta. Latas da dafaffen ƙwai kuwa ba abincinta ba ne ko kusa. Ƙwari take ci, masu rai, kuma motsinsu ne yake tayar mata da sha'awar farauta.

Abin da ya kwantar mini da hankali wutsiyarta ce. Wannan dabba a wutsiya take tara kitse, ita ce rumbunta, daga nan take ci in abinci ya yanke. Tata ba ta rame ba, kaurinta ya kusa na wuyanta. Idanu a buɗe tas, ƙafafu a miƙe, muƙamuƙi da ƙarfi. A sikelin kicin ta yi giram 21. Sabuwar tsaka da ta sha doguwar tafiya takan yi mako ɗaya ko biyu ba ta ci ba ko da komai yana daidai. Da a ce wutsiyar ta zama siririya kamar tsinke, ga gudawa, da magana ta canza, domin wannan yakan nuna cutar hanji, sai likitan dabbobi da gwajin kashi.

Maganar gida

Kafin a gyara akwati sai da aka gyara zama da mutanen gida, kuma ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Kakar yaron, wadda suke kira Dada, ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da tsaka ba. Ta ce masa: "Kai maigidan, duk dabbobin Allah ka rasa abin kiwo sai tsaka? Ka nemi tantabara mana, ko zomo." Tsoronta biyu ne. Na farko abin da muka taso muna ji, cewa tsaka tana da dafi, in ta faɗa abinci ko ta bi jikin mutum tana sa kuturta. Na biyu hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim na umarni da kashe tsaka.

Na farkon ina da abin cewa a kai, na kuma faɗa mata cikin ladabi: wannan dabba ba ta da dafi, kuturta kuwa ƙwayar cuta ce take kawo ta, wadda ake ɗauka daga mutum bayan doguwar cuɗanya, kuma tana da magani a asibiti. Amma na ƙara da cewa ƙyamar Dada ba a banza take ba. Dabbobi masu jan ciki, har da kunkuru da ƙadangare, sukan ɗauki ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ita kuwa tana sa mutum gudawa da zazzaɓi, ta fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu juna biyu. Na biyun kuwa fagen malamai ne. Mahaifin yaron ya je ya tattauna da limamin unguwarsu, ya dawo ya yanke cewa tun da an riga an raba ta da inda aka haife ta, kuma sakinta a nan kashe ta ne, za ta zauna, bisa sharaɗi: a ɗakin samari na waje, ba za ta kusanci kicin ba, ba za a wanke kayanta inda ake wanke kwanuka ba, duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu. Ya kuma tuna wa ɗansa hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ya ce: "Ka tsare ta, haƙƙinta yana wuyanka." A ganina wannan jumla ta yi wa dabbar amfani fiye da duk abin da na koya wa yaron, domin daga ranar ya daina kallonta a matsayin abin nuna wa abokai.

Gyaran hunturu

An kwashe yashin. Ƙaramar tsaka tana haɗiye yashi in ta kai wa ƙwaro cafka, wani lokaci ma tana lasarsa da gangan in jikinta yana neman sinadarin kalsiyam, sai ya toshe mata hanji, musamman in babu ɗumin da zai taimaka wa narkewar abinci. An shimfiɗa guntayen tayil marasa santsi, da takarda a kusurwa guda. An sauke akwatin daga jikin taga. An mayar da ƙwan gefe ɗaya, aka sa mai ƙaramin ƙarfi, ana kashe shi da magariba, domin dare ya zama dare. Abin da ake nema shi ne ƙasan gefe ɗaya ya tsaya wajen digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen wajen 24 zuwa 26, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 18 sosai.

Rashin tsayayyiyar wuta shi ne inda shawarar Turawa ta gaza mana, domin su tabarmar ɗumi ta lantarki suke sawa ƙarƙashin akwati. Dabarar da ta yi aiki mai sauƙi ce. Yaron ya samo baƙin dutse mai faɗi, yana shanya shi a rana, da la'asar sakaliya ya shigo da shi, ya auna, in bai wuce digiri 32 ba ya sa a gefen ɗumi. Dutse yana riƙe zafi ya sake shi a hankali, kuma haka take samun ɗumi a ƙasarsu: ta fito bayan faɗuwar rana ta kwanta ruf da ciki a kan dutsen da ya sha rana. A daren da sanyi ya yi tsanani sai ya naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul ya jingina a jikin akwatin ta waje, ya lulluɓe rabin murfin da bargo.

Maɓoya ta zama uku: kasko a kife a gefen ɗumi, rabin ƙoƙo a gefen sanyi, sai ta ukun a tsakiya, robar man shafawa da aka yanke wa ƙofa aka shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tsumma. Sannan aka kafa doka mai wuya ga matashi: babu mai taɓa ta har sai ta fara ci da kanta.

A dare na biyar bayan gyaran ta ci gyare biyu. Ya aiko mini da hoton bidiyo, ana ganin yadda ta tsaya cak, ta zuba wa gyaren ido, kan wutsiyarta yana karkarwa da sauri, sannan ta kai cafka. Wannan karkarwa daban take da kaɗawar tsoro, kuma da ya ga bambancin da idonsa bai sake rikita su ba. Bayan kwana biyu ta yi kashi a kusurwa, baƙi da ɗan fari a jikinsa. Farin ya tsorata shi, ya zaci tsutsar ciki ce. Fitsarinta ke nan. Dabbar busasshiyar ƙasa ba ta ɓarnar ruwa, a daskare take fitar da shi. In farin ya koma rawaya ya yi tauri, ruwa ne ya yi mata ƙaranci. Tana da wata ɗabi'a mai daɗin sha'ani, inda ta zaɓa nan za ta dinga yi kullum, don haka takardar kusurwar kawai ake canzawa.

Saɓa

Nan ne aka yi asara, kuma nan ne hunturunmu ya fi nuna bambancinsa. Tana son iska mai laima kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Iskar Gombe a Janairu, lokacin da leɓe yake tsagewa, takan yi ƙasa da haka nesa. Ƙaramar tsaka tana saɓa kusan duk mako 2 saboda tana girma, babba kuwa sai wata 1 zuwa 2. In lokacin ya zo launinta yakan dushe ta yi fari-fari, ta rage ci, ta shige maɓoya mai laima, sannan ta ja tsohuwar fatar da baki ta cinye. Cinyewar ba alamar yunwa ba ce. Tana mayar da abin da jikinta ya kashe, tana kuma ɓatar da sawu daga maƙiya.

Tun kafin a kawo mini maganar ta riga ta yi saɓa guda ƙarƙashin ƙwan nan mai ƙuna, fatar ta maƙale a yatsun ƙafar baya. Irin wannan fata in ta bushe sai ta ɗaure yatsa ta hana jini wucewa. Muka sa ta a roba mai ruwan ɗumi wanda bai wuce ya rufe yatsunta ba, na kusan minti 10, sannan muka murza a hankali da jiƙaƙƙiyar auduga. Yatsu uku suka kuɓuta. Na huɗun kansa ya riga ya yi baƙi, daga baya ya faɗi, kuma yatsa ba ya sake tsirowa. Tana tafiyarta lafiya, amma abin ya taɓa yaron ƙwarai. Tun daga nan, bayan kowace saɓa yana duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, da kan wutsiya, da gefen ido, yana kuma jiƙa tsumman kullum, domin a hunturu kafin yamma ya bushe ƙayau.

Abinci

Wanda yake tunanin sayen wannan dabba a Gombe ya fara tambayar kansa ina zai samo ƙwari masu rai shekara da shekaru. Farar kasuwa soyayya ce da gishiri da yaji, ba ta da amfani a nan. Farar gona da kyankyason gida suna iya zuwa da maganin feshi a jikinsu, abin da ba zai yi wa kaza komai ba kuwa yana iya kashe dabba mai giram 20. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne gare ta.

Mafitar ita ce kiwon gyare. Babban bokiti mai murfin raga, kiret ɗin ƙwai na takarda don su ɓuya, dusar da ya sayo a Tudun Hatsi, da yankan karas ko kabewa a madadin ruwa. Ana sa ƙaramin kwano da jiƙaƙƙiyar ƙasa, nan mata suke zuba ƙwai, cikin mako 2 ko makamancin haka su ƙyanƙyashe. Iyayen ya kamo su ne daga wani fili da ba a noma, amma 'ya'yan da aka haifa a bokiti yake ba ta. Abin da gyare ya ci shi tsaka take samu, don haka ana ƙosar da su kwana ɗaya kafin a miƙa mata. Girman ƙwaro kada ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunta. Ƙarama kullum take ci, babba sau 2 ko 3 a mako. Wanda ta bari a cire shi, domin gyare mai yunwa yana gatsar tsaka in tana barci.

Ƙwari ba su da isasshen kalsiyam, kuma rashinsa ne yake kawo cutar laushin ƙashi: ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi taushi, dabba ta dinga rawar jiki. Abin da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Kafin yayansa ya aiko da garin kalsiyam mai haɗe da bitamin D3, an yi amfani da ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar hoda, ana barbaɗa wa gyare. Ɓawon ƙwai yana ba da kalsiyam amma ba ya ba da D3, wanda sai da shi jiki yake iya amfani da kalsiyam ɗin. Hasken rana ta bayan gilashi ba ya biyan wannan buƙata, domin gilashi yana tare ɓangaren hasken da fata take yin bitamin ɗin da shi.

Bazara

Da Maris ya shiga komai ya juye. Ɗakin samarin rufin kwano ne, da rana yana kaiwa digiri 38 ko fiye, kuma babu gefen sanyi a akwatin da yake cikin ɗaki mai zafi. Tsaka ta koma kwana cikin kwanon ruwanta, ta sake ƙin abinci, ta sake dafa gilashi. Wannan karon yaron bai jira ni ba, ya gane abin da take faɗa. Zafin da ya daɗe sama da digiri 35 yana iya kashe ta, kuma ya fi sanyi saurin kisa. Ya cire ƙwan da dutsen gaba ɗaya, ya sauke akwatin ƙasa a kan siminti, a kusurwar da rana ba ta bugun bangonta, ya jingina shi da randa, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a rabin murfin raga. Ruwan da ke tsattsafowa daga randa yana bushewa yana tafiya da zafi, wannan ya sauke gefen da digiri kaɗan, kaɗan ɗin kuwa su ake nema. A ranakun da abin ya ƙi, Dada da kanta ta ce a kai akwatin tsohon ɗakin ƙasa na ajiya, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan, muddin ba za a buɗe shi a gabanta ba.

A cikin wannan ɗauke-ɗauke ne wutsiyar ta tafi. Ƙaninsa ɗan shekara 8 ya ga ta nufi bakin akwati, ya cafko ta ta baya. Wutsiyar ta rabu ta faɗi tana mutsu-mutsu, yaro ya fashe da kuka yana cewa ya kashe ta. Halittarta ce haka: ƙasusuwan wutsiyar suna da wuraren rabuwa, jijiyoyin jini kuma suna tsukewa nan take, shi ya sa jini bai zuba ba. An mayar da ita kan takarda zalla don kada datti ya shiga, aka ƙara mata abinci tun da ajiyarta ta tafi. Cikin kusan wata 2 sabuwa ta fito, gajera, mai kumburi, sumul babu zobban asali, guringuntsi ne a cikinta maimakon ƙashi. Yadda ake ɗaukarta shi ne a shimfiɗa hannu a ƙasa ta hau da kanta, tana lasar fata don ta san ko wane ne, domin da harshe take sansano abubuwa. Hannun da ya sauko daga sama shaho ne a wurinta.

Damina ta zo da nata haɗarin, wanda ban taɓa ganin an ambata a bayanan waje ba: maganin sauro. Fiya-fiya, da na fesawa, da na kunnawa, duk an hana su a ɗakin. Gidan sauro yaron ya koma. Laima kuma ta yi yawa, sai aka rage jiƙa tsumma aka buɗe murfin raga sosai don iska ta ratsa.

Inda ake yanzu

Ta kai giram 48, zanen yarinta ya watse ya zama ɗigo baƙi a kan rawaya. Mace ce: namiji yana da jerin ƙananan ramuka masu siffar V a gaban dubura da kumburi biyu a gindin wutsiya, ita ba ta da su. Ita kaɗai za ta zauna, domin ba dabbar taro ba ce, maza biyu ma faɗa suke yi har rauni. Na gargaɗe shi cewa mace takan ɗauki ƙwai biyu ko babu namiji, takan kuma rage ci a lokacin, don haka kada ya firgita. Sikeli da kaurin wutsiya su ne abin dubawa, yana kuma rubuta nauyinta duk mako a littafi. In ta rame da sauri, ko cikinta ya kumbura ta kasa yin ƙwan, to likitan dabbobi za a nufa ba tare da jira ba, kuma ya kamata a san wanda za a je wurinsa tun kafin ranar, domin yawancin likitocinmu shanu, awaki da kaji suka fi gogewa a kai.

Abokansa biyu sun nuna sha'awar saye, wani ma ya ce zai sa a kamo masa 'yar'uwarta mai kaurin wutsiya da ke rayuwa a dajin Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Kamaru. Na hana shi da gaske: wadda aka kamo daga daji takan zo da tsutsar ciki, ba ta sabo da akwati da sauƙi, ta kuma fi wannan buƙatar laima. Ga masu son sayen irin ta yaron kuwa, sharaɗina shi ne su fara kiwon gyare na wata 2, su kuma auna zafin ɗakinsu a watan Afrilu, sannan mu yi magana. Shi kansa mai ita yana da bautar ƙasa a gabansa nan da 'yan shekaru, kuma ba za a je sansani da akwatin gilashi ba, don haka ƙanwarsa mai bi masa ta fara koyon barbaɗa kalsiyam da duba yatsu, littafin nauyin ma yanzu ita take cikawa.